Tarihin Kik ɗin Mota da Al'adar Sa Masa Ciko

Injin da ke aiki da fetur ko dizal yana da wani rauni na asali wanda injin tururi da injin lantarki ba su da shi, wato ba ya iya tashi da kansa daga tsaye. Kafin mai ya kama wuta a cikin silinda dole fistin ya zuƙo iska ya matse ta, kuma fistin ba zai motsa ba sai an juya kiranshaf, babbar sandar da dukan fistin suke ɗaure a jikinta. Saboda haka tun daga ranar da aka ƙera motar fetur ta farko ake neman abin da zai ba injin juyin farko daga waje, sannan ya janye jikinsa da zarar injin ya kama. Wannan janyewa ma ta ba maƙera wahala, kuma daga gare ta ne wata ƙaramar sana'a ta samo asali a garejojin Amurka, sana'ar cusa siririn fallen ƙarfe, wanda ake kira shim, tsakanin kik da jikin inji domin haƙoran kik su shiga na filawil daidai.

A shekarun farko hannun mutum ne kik. Direba yakan zagaya gaban mota ya cusa handul, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke kama bakin kiranshaf, ya murza da iyakar ƙarfinsa. Aikin yana da haɗari na gaske, domin idan aka manta ba a jinkirta lokacin tartsatsin fulogi ba, mai yakan kama wuta tun fistin bai kai ƙololuwa ba, injin ya juya da baya, handul ya dawo wa mai shi da ƙarfin da ke karya wuyan hannu ko haƙarƙari. Shi ya sa ake koya wa direbobin wancan zamani su jera babban yatsa tare da sauran yatsu maimakon su naɗe handul da shi, su kuma ja sama maimakon su danna ƙasa. Wannan wahala tana cikin dalilan da suka sa a Amurka ta shekarar 1900 motocin tururi da na batir kowannensu ya fi na fetur yawa, kuma mata da tsofaffi masu hali suka fi karkata ga motar batir, wadda ba ta neman a murza mata komai. An gwada dabaru iri-iri: matsattsiyar iska a cikin tanki, naɗaɗɗen sifirin, da iskar asitilin da ake fesawa cikin silinda a kunna. An gwada lantarki ma, domin H. J. Dowsing ya ɗora irin wannan na'ura a kan motar Arnold a Ingila a 1896, Clyde Coleman kuma ya sami takardar haƙƙin ƙirƙira a Amurka a 1903, sai dai ra'ayin da ya rinjaya a tsakanin injiniyoyi shi ne cewa injin lantarkin da zai iya juya injin mota zai yi girma da nauyin da mota ba za ta ɗauka ba.

Wanda ya rushe wannan ra'ayi shi ne Charles F. Kettering, injiniyan da ya yi aiki a kamfanin National Cash Register da ke Dayton a jihar Ohio, inda ya ƙera ƙaramin injin lantarki mai buɗe akwatin kuɗin kanti. A can ya gane cewa injin da zai yi aiki na ɗan lokaci kaɗan ana iya ɗora masa wutar da ta ninka ƙarfinsa ba tare da ya ƙone ba, muddin zai huta kafin zafi ya taru, kuma tayar da mota aiki ne na daƙiƙoƙi. A 1909 shi da Edward Deeds suka kafa kamfanin da aka fi sani da Delco. Mai saye na farko shi ne Henry Leland, shugaban Cadillac, wanda labarin da aka saba bayarwa ya ce mutuwar abokinsa Byron Carter a 1908, bayan handul ya karya masa muƙamuƙi sa'ad da ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mutu a Detroit, ita ta sa shi ya ƙudurta raba motocinsa da handul. An gwada na'urar Kettering a kan Cadillac a watan Fabrairu na 1911, ta fito kasuwa a motocin 1912, ta jawo wa Cadillac kofin Dewar na ƙungiyar masu motoci ta Ingila a 1913, takardar haƙƙinta kuwa ta fito a 1915. Na'urar tana da aiki biyu, ta tayar da inji sannan ta koma janareto mai cajin batir. Motar talaka ta ɗan jira, domin sai a 1919 Ford ya fara sa kik a Model T.

Da aka raba kik da janareto kowa ya kama aikinsa, sai matsalar shiga da fita ta fito fili. Filawil faifan ƙarfe ne mai nauyi da ke ɗaure a ƙarshen kiranshaf don ya daidaita juyin inji, kuma a bakinsa ake sa zobe mai haƙora, wanda ake gasawa da wuta ya buɗe a zura shi, in ya huce ya kama. A bakin kik kuma akwai ƙaramar giya, ita ce ke cizon wannan zobe. Idan ƙaramar giya tana da haƙora 9 zoben kuma yana da 153, kik zai juya sau 17 kafin inji ya juya sau ɗaya, kuma wannan bambanci shi ke ba ƙaramar na'ura ikon juya babban inji. Amma lissafin yana juyewa da zarar inji ya kama, domin injin da ke juyi 1,000 a minti zai kori kik zuwa juyi 17,000 idan haƙoran ba su rabu ba, gudun da ke iya watsa naɗin wayar da ke cikinsa. Vincent Bendix ya warware wannan da dabara mai sauƙi: ya ɗora ƙaramar giyar a kan sanda mai murɗaɗɗen zare, ta yadda idan kik ya zabura nauyin giyar zai sa ta makara, ta bi zaren ta shige cikin zoben filawil, idan kuma inji ya fi kik gudu sai ya mayar da ita ta hanyar da ta zo. Kamfanin Eclipse Machine na garin Elmira a jihar New York ya ƙera ta, Chevrolet ta 1914 ta fara ɗauka, kuma har yau makanikai a ƙasashe da yawa, har da na ƙasar Hausa, da sunan Bendix suke kiran wannan giya ko da ƙirarta ba tasa ba ce.

Aibin dabarar Bendix shi ne giyar tana isa zoben ne tana cikin gudu, don haka kowane tashi duka ne, kuma tana iya ficewa da wuri idan inji ya yi tari ɗaya bai kama ba. Abin da ya gaje ta shi ne kik mai solonoid, wato maganaɗisun lantarki da ke jan wani ƙarfe mai baki biyu ya tura giyar cikin zobe tukuna, sannan a ƙarshen tafiyarsa ya haɗa babbar wutar batir. A bayan giyar akwai ɗan kuloci mai kamu ta gefe ɗaya, wanda ke barin kik ya juya inji amma ba ya barin inji ya juya kik. Sauran gyare-gyaren sun biyo a hankali: Chrysler ya kawo tayar da mota da murza makulli a 1949, motocin Amurka sun bar batir mai bolt 6 suka koma mai 12 a tsakiyar shekarun 1950, kuma a 1962 Chrysler ya yaɗa kik mai ƙarin giya a ciki, wanda ya fi ƙanƙanta ya kuma fi ƙarfi.

Duk waɗannan dabaru sun dogara ne a kan abu ɗaya da ba a ganinsa daga waje, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar kiranshaf da tsakiyar sandar kik. Haƙoran giya biyu ba a yi su don su haɗu ƙam ba, ana barin ɗan sarari tsakaninsu domin su shiga su fita ba tare da sun cije ba, kuma idan wannan nisa ya kauce da abin da bai kai rabin milimita ba sai sararin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Yawancin kamfanoni sun tsare nisan ta hanyar sa bakin kik ya shige wani zagayayyen rami da aka huda daidai da shi, ko dai a jikin ƙoƙon giyabos, kaskon ƙarfen da ya lulluɓe filawil da kuloci, ko kuma, kamar yadda Ford ya yi, a jikin wani faranti da ake sawa tsakanin inji da giyabos. A irin wannan tsari ramin ne ke yanke hukunci, notin ɗauri kawai yake yi, makanike ba shi da abin daidaitawa.

General Motors ya bi wata hanya dabam, kuma a nan tarihin ciko ya fara sosai. A 1955 Chevrolet, ƙarƙashin babban injiniyansa Ed Cole, ya fito da ƙaramin inji mai silinda takwas, mai girman lita 4.3, wanda daga baya ya girma zuwa lita 5.7 a 1967, kuma zuriyarsa ta kai inji miliyan 100 a 2011. A farko kik ɗin wannan inji a jikin ƙoƙon giyabos yake, amma daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960 aka mayar da shi jikin bulok, wato gangar jikin injin, inda yake rataye a ƙasa ta gefen dama da dogayen noti biyu masu hawa sama. Tsarin yana da amfaninsa, domin inji ɗaya yana iya ɗaukar giyabos iri-iri ba tare da an damu da mazaunin kik ba. Sai dai yanzu nisan ya dogara ne ga abubuwa da yawa a jere: tsayin dandamalin da aka goge a jikin bulok, kaurin bakin kik, wurin ramukan noti, da zagayen zoben filawil. Kowace masana'anta tana da ɗan sassaucin awo da take yarda da shi a kan kowane ƙarfe, domin babu na'urar da ke fitar da abu biyu daidai wa daida, kuma idan sassaucin waɗannan sassa huɗu ya karkata gefe ɗaya sai ya taru ya wuce abin da haƙora za su jure. Abin lura a nan shi ne, Cadillac, wanda General Motors ya saya a 1909, ya ci kofin Dewar na 1908 ne saboda an wargaza motocinsa uku a Ingila, aka cakuɗa sassansu, aka sake haɗa su suka yi tafiyar mil 500 ba tare da an goge ko ƙarfe ɗaya ba. Bayan rabin ƙarni sai ga kamfanin uwa yana buga wa makanikai umarnin yadda za su daidaita kik da hannu, kowace mota da nata awon.

Umarnin da ke cikin littattafan gyara na kamfanin ya fara ne da kunne. Idan kik yana siririn kuka mai tsini lokacin da yake juya inji, kafin injin ya kama, alama ce ta sarari ya yi yawa, haƙoran suna kama juna da baki-baki kawai. Idan kuwa kukan ya zo ne bayan inji ya kama, daidai lokacin da ake sakin makulli, to sararin ya yi kaɗan, giyar ta maƙale tana jinkirin fita. Bayan kunne sai awo. Makanike yakan cire kan batir, ya kwance murfin da ke ƙarƙashin filawil, ya tura ƙaramar giya da sukuddireba har ta shiga zobe, sannan ya zura waya mai kaurin inci 0.020, kimanin rabin milimita, tsakanin kan haƙorin giyar da gindin kwarin da ke tsakanin haƙoran zobe. Waɗanda ba su da wayar awo sukan miƙe ƙarfen maƙale takardu na ofis su yi amfani da shi, wasu kuma su zura bakin dirila mai kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci tsakanin sandar kik da kan haƙoran zobe, in ya shiga da ɗan tauri an dace. Ana maimaita awon a wurare uku ko huɗu na zoben, domin filawil da ya ɗan karkace yakan matse a wani gefe ya saki a wani, kuma injin mai silinda takwas yana yawan tsayawa a wurare huɗu, mai shida a uku, mai huɗu a biyu, saboda haka haƙoran waɗannan wurare ne ke fara cinyewa.

Shim ɗin kansa falle ne mai kaurin inci 0.015, ƙasa kaɗan da milimita 0.4, an yanka shi da tsagi a bakinsa domin a sassauta noti a zura shi ba sai an sauke kik ɗin gaba ɗaya ba. Idan sarari ya yi kaɗan ana sa dogon falle da ya ratsa ƙarƙashin noti biyun, kik ya sauka ƙasa, amma da yake saukar ba ta nufi nesa da tsakiyar filawil kai tsaye ba, falle ɗaya ba ya ƙara wa sararin fiye da kimanin inci 0.005. Wurin da gwaninta take shi ne idan sararin ya yi yawa, domin mai kallo zai ɗauka cewa ciko ƙara nisa kawai yake yi. Abin da ake yi shi ne a sa guntun falle a ƙarƙashin notin waje kaɗai, wanda ya fi nisa da inji, sai kik ɗin ya karkata kamar tukunyar da aka ɗaga wa dutsen murhu ɗaya, giyarsa ta kusanci zobe da kimanin inci 0.010. Ana sa falle ɗaya a gwada kafin a ƙara wani, kuma wanda ya ga ya jera da yawa bai dace ba ya kamata ya zargi kik ɗin ko filawil ɗin.

Zargin yana da tushe, domin injin na Chevrolet yana da filawil iri biyu, mai haƙora 153 da faɗin inci 12.75, da mai haƙora 168 da faɗin inci 14, kuma kik ɗin asali na ƙaramin yana da ramukan noti a miƙe, na babban kuma ramukansa a karkace suke. Notin ma na musamman ne, yana da ƙurji-ƙurji a wuyansa da ke cika rami ya hana kik motsi, kuma wanda ya maye gurbinsa da noti mai santsi zai tarar awon da ya yi jiya ya gudu yau. Akwai kuma ɗan ƙarfen tallafi da ke riƙe wutsiyar tsohon kik mai nauyi, wanda makanikai da yawa ke jefarwa don ƙyuya. Sakamakon sakaci a nan ya wuce kuka: haƙoran zobe su karye, bakin kik ya tsage, ko kuma, mafi muni, kunnen bulok ɗin da ke riƙe notin waje ya ɓalle, wanda gyaransa sai walda mai wuya ko sabon bulok.

Abin da ya raya al'adar fiye da masana'anta shi ne kasuwar gyararrun kaya. A Amurka mai mota yakan kai mataccen kik shagon kayan gyara a rage masa kuɗin wanda aka sabunta, shi kuma tsohon a tura shi inda za a wargaza shi a wanke a sake naɗi. A can sassan dubban kik suke cakuɗuwa, kuma akan goge fuskar bakin da ta ci duka domin ta yi sumul, abin da ke rage mata kauri ya matso da giya kusa da zobe. Shi ya sa kwalin irin wannan kik yakan zo da 'yan fallaye da takardar bayani a ciki. Masu sabunta inji ma suna da nasu hannu, domin idan aka sake huda mazaunin kiranshaf don a miƙe shi, sandar takan ɗan matsa sama a cikin bulok, filawil ya bi ta. Ga kuma masu tseren motoci da masu dasa injin Chevrolet a jikin wasu motoci da jiragen ruwa, waɗanda ke haɗa bulok na wata shekara da filawil na wani kamfani da ƙaramin kik na zamani. Wannan kik na zamani ya ƙaro wani awo na biyu, tazarar da ke tsakanin goshin giyar da gefen zobe lokacin da take hutawa, wadda ake so ta kasance wajen milimita biyu da rabi, kuma ana gyara ta da zagayayyen falle da ake sawa a bayan mazaunin kik ɗin.

A garejojin ƙasar Hausa wannan sana'a ba ta yi jijiya ba, kuma dalilin tarihin motocin da suka shigo ne. Land Rover, da Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da Volkswagen, da Toyota da Honda da suka mamaye hanya daga baya, duk kik ɗinsu a rami yake zaune, ta yadda mai rewaya da ya sayo kik a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna abin da yake dubawa shi ne yawan haƙora da tsawon baki da wurin noti. Idan irin wannan kik ya yi kuka, laifin yana wurin cinyayyen bushin, ko sassautaccen noti, ko zoben da ya lalace, ko kuma kik ɗin na wata mota ne da ya yi kama da na asali, kuma jera washa a bayansa janye giyar kawai yake yi daga zobe har ta koma kamu da rabin haƙori. Inda ilmin shim yake da amfani shi ne a tsofaffin manyan motocin General Motors da ake shigowa da su na hannu, irin su Suburban da a-kori-kura na Chevrolet masu injin lita 5.7 na kafin shekarar 2000, waɗanda ake iya canza musu kik sau da yawa a banza alhali falle ɗaya ne ya faɗi ranar da aka fara kwance shi.

Ita kanta masana'antar ta rufe ƙofar da ta buɗe. Sabuwar zuriyar injin Chevrolet da ta fara fitowa a 1997 ta ci gaba da ɗaure kik a jikin bulok, amma na'urorin yankan ƙarfe masu aiki da kwamfuta sun matse sassaucin awo har ya zama kik ɗin asali yana zama daidai ba tare da ciko ba. Motoci masu haɗa fetur da batir kuwa, irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997, ba su da ƙaramar giya ko zoben haƙora ko kaɗan, domin ɗaya daga cikin injinan lantarkin da ke cikin giyabos ɗinsu shi ke juya injin fetur ya tashi.